Taraktar da Ta Ci Jarrabawa

Ranar da Yaya ya ce in raka shi sayen tarakta, bai ce in zo in duba masa ita ba. Cewa ya yi in zo in tuƙa shi, wai idonsa ba ya son doguwar hanya yanzu. Shekara talatin ina kwance a ƙarƙashin motoci da injinan noma, garejin da nake ciki nawa ne, daga nesa ake jawo mini injinan da suka mutu in tayar da su, amma a wurin yayana har gobe ni ne yaron nan da ya kasa haddace bakwai sau takwas.

Yaya malamin makaranta ne. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyarwa, goma sha biyu na ƙarshe yana hedimasta, kuma ni ma na ratsa ta hannunsa a aji huɗu da aji biyar. Don kada a ce yana nuna son kai, idan ya yi wa kowa bulala biyu ni huɗu nake sha, sannan ya sa na maimaita aji har sau biyu. A karo na uku na sallami kaina na tafi koyon kanikanci. Da aka yi masa ritaya aka danƙa masa kuɗin sallamarsa a dunƙule, ya rantse shi da alli har abada. Shirinsa shi ne ya sayi tarakta ta hannu, ya nome gonar da mahaifinmu ya bar mana, sauran kwanakin ya ba da ita haya. Kuɗin ke nan gaba ɗaya, babu wasu a bayansu, ga 'ya'ya uku ba su gama karatu ba.

Kafin mu fita matarsa ta ja ni bayan ƙofa.

"Don Allah ka buɗe ido," ta ce. "Ka san halin yayanka. Idan kuɗin nan suka salwanta, ban san inda za mu sa kanmu ba."

Na ce ta kwantar da hankalinta, ai abin da ya kai ni ke nan.

Muna hanya ya zaro wata doguwar takarda daga jaka ya shimfiɗa a cinya. Da rula ya ja mata layuka tsaf, ya jera abubuwa ashirin da za a duba, kowanne da gurbin maki bisa goma. Jan biro na maƙale a aljihun gaba. Na saci kallo na ga fenti, kujera, fitilu, hon, madubi, tayoyi, takardu, sai can wajen lamba goma sha huɗu na hango inji, an matse shi tsakanin murfin tanki da akwatin sifana.

"Yaya, wannan fa?"

"Tsari ke nan. Ku kanikawa komai da ka kuke yi, shi ya sa kullum kuke cikin rigima da mutane. Abin da aka rubuta ba ya ƙarya."

"Wa ke sayarwa?"

"Ɗalibina ne. Ai ka san shi, ajinku ɗaya. Monita."

Saura kaɗan in zuba mu a kwalbati. Monita shi ne wanda Yaya yake bar wa aji idan zai fita, ya ce ya rubuta sunayen masu surutu. Ko ranar da zazzaɓi ya hana ni zuwa makaranta sai da sunana ya fito a takardarsa, na farko ma. Wanda ya ba shi rabin abincin da ya zo da shi na hutun tara kuwa, ko ganga ya buga a aji sunansa ba ya fitowa. Yaya bai taɓa sanin wannan ba, a wurinsa Monita yaro ne mai amana da kyan rubutu.

"Ka gaya masa lokacin da za mu iso?" na tambaya.

"Ƙarfe takwas daidai. Mutum mai tarbiyya ba ya faɗa wa mutane wuri babu sanarwa."

Na ce a raina shi ke nan, an gama da mu a darasin farko. Duk wanda ya san inji ya san ba a gaya wa mai sayarwa lokaci. Sammako ake yi a same shi bai shirya ba, a tayar da injin yana sanyi ƙalau, domin a tashin farko na safe ne inji yake faɗin gaskiyar abin da ke damunsa.

Filin Monita yana bayan wani gidan mai, an kewaye shi da waya. Tsofaffin garmuna sun yi tsatsa a jingine, ga tirela babu ƙafa ɗaya an tallafe ta da bulo, ga kwantena da aka huda wa taga aka mayar ofis, da fanka da kujerun roba. A tsakiyar filin taraktar take tsaye, ja wur, tana sheƙi. Shi kansa Monita ya yi tumbi ya yi sanƙo, amma yana hango Yaya ya taho da gudu-gudu ya zube ƙasa har gwiwarsa na taɓa yashi.

"Malam! Malam da kansa! Wallahi jiya ko barcin kirki ban yi ba don murna. Duk abin da na zama a duniyar nan, bayan Allah, bulalarka ce."

Yaya ya cika ya batse. Ni kuwa Monita ya miƙo mini yatsu uku ya ce, "A'a, mutumin, kana nan?" kamar ya yi tsammanin na mutu.

Na wuce su na ɗora tafin hannuna a jikin injin. Ɗumi na ji, irin na kofin shayin da aka gama sha yanzu.

"An tayar da ita da safen nan," na ce.

"Ai dole," in ji Monita. "Wanke ta muka yi muka matso da ita inuwa, kada Malam ya tsaya a rana."

Yaya ya gyaɗa kai, har da murmushi, ya cire murfin jan biro. Ya zagaya ta sau biyu hannu a baya, kamar yadda yake zagaya layin yara da safe yana duba farce. Fenti ya samu goma bisa goma. Ni kuwa fentin ne ya fi tayar mini da hankali. An fesa shi a kan ƙusoshi, a kan wayoyi, a kan bakunan da ake ɗura giris, har wani busasshen taɓo da ke maƙale a bayan taya ya samu rabonsa na ja. Mai gyara don aiki ba ya fenti haka, sai mai gaggawar rufe wani abu.

Na dubi ƙasa. Duk filin taurin ƙasa ne da tabon mai, amma ƙarƙashin taraktar an zuba sabon yashi an share shi da tsintsiya har da zane. Na sa ƙafa na kwashe, sai ga baƙin mai ya jiƙa wurin sharkaf.

"Yaya, zo ka ga. Tana yoyo."

"Ba nata ba ne," in ji Monita da sauri. "Wata babbar mota ce ta kwana a nan."

"Babbar mota mai faɗin tarakta daidai?"

"Kai dai ba ka canza ba," ya ce yana dariya. "Malam, ka tuna shi da musu?"

Yaya ya ce ya tuna ƙwarai. Ya hau ya zauna a kujera, ya motsa ɗuwawu hagu da dama, ya ba ta tara. Ya danna hon, kajin gidan mai suka watse, ya ba shi goma. Fitilu goma. Madubi goma, bayan ya gyara hularsa a ciki.

Da ya sauko na hau na duba mitar da ke ƙirga awoyin aiki. Abin da ta nuna ko na shekara biyu bai kai ba. Na sunkuya na dubi abin taka kuloci da na birki, ƙarfe ne masu zanen tsaga-tsaga don kada ƙafa ta zame, amma sun siɗe sumul har suna ɗaukar ido. Na zaga baya na duba ramin da ake saƙala tirela, wanda ya kamata ya zama zagayayye, ya goge ya koma siffar ƙwai. Ƙafar mutum ba ta cinye ƙarfe haka a shekara biyu, ko da takalmin dutse yake sawa. Na faɗa wa Yaya mitar nan ko an sauya ta ko an mayar da ita baya.

"Lamba ce a rubuce," ya ce. "Kai kuma hasashe kake yi."

Na zaro sandar gwada baƙin mai. Sabo ne fil, ko awa ɗaya bai yi aiki ba, kuma ya yi kauri yana bin sandar kamar zuma. Irin man da ake zuba wa tsohon inji ne don ya toshe masa baki na kwana biyu, ƙarar da yake yi ta lafa. Da na nuna wa Yaya, cewa ya yi ai wannan alamar kula ce, mutumin da ke sauya mai kafin ya sayar mutumin kirki ne.

Aka tayar da ita. Bugu ɗaya ta tashi, Monita ya waiwayo yana kallona. Na ce a saƙala garma a baya, a ɗaga ta sama, a kashe injin mu jira. Nan fuskarsa ta ɗan sauya. Ya ce garmunan duk na mutane ne, na ce aron minti goma ba zai cinye su ba. Da aka ɗaga aka kashe, sai Monita ya shiga gaban Yaya ya tsaya ƙiƙam, hannaye a gefe, ya fara karanto masa jerin manyan kogunan da ya koyar da su a aji biyar, ɗaya bayan ɗaya, har da tsawon kowanne. Yaya ya lumshe ido yana bin sa da kai. A bayansu garmar tana sauka a hankali, a hankali, kafin a kai kogi na shida ta dire ƙasa da kanta.

"Yaya, hannun ɗaga garmar ba ya riƙewa. Man cikinsa yana zurarewa ta wani wuri."

Wannan dai ya gani da idonsa, babu yadda zai yi. Ya ɗaure fuska ya rubuta uku bisa goma, har ya ja layi a ƙasa, ya dubi Monita ta saman tabarau. Monita ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da satar amsa, ya ce roba ce ƙarama, gobe za a sauya.

Na sa aka sake tayarwa na tsaya ina kallon salansa, bututun da hayaƙi ke fita. Injin da ya yi ɗumi bai kamata ya ci gaba da fitar da farin hayaƙi ba, wannan kuwa fitarwa yake babu ƙaƙƙautawa. Na naɗe hannu da tsumma na buɗe murfin lagireto, tankin ruwan injin, a hankali. Ruwan yana ta fitar da ƙananan kumfa, ga wani maiƙo yana yawo a samansa. Na ce a kashe, na shimfiɗa kwali na shige ƙarƙashi da tocilan da 'yar sukudireba.

Can gefen gangar injin, bayan fanfon mai, inda ido ba ya kaiwa sai an kwanta, fentin ya yi tudu. Na kankare da sukudireba. Ƙarƙashin fentin wani ƙulli ne mai launin toka irin wanda ake liƙe tankin ruwa da shi, ƙarƙashin ƙullin kuma tsaga ce, doguwa, ta kai tsawon tafin hannuna. Gangar injin ce ta fashe aka liƙe. Wannan ba ciwon da ake magani ba ne, sai dai a sauya injin ɗungurungum, kuma kuɗin wani injin ya kusa kuɗin taraktar.

Na fito ina kakkaɓe riga da niyyar in faɗa. Sai na tarar Yaya ya zauna a kujerar roba, takarda a gwiwa, yana haɗa lissafi leɓensa na motsi. Inji ya ba shi huɗu saboda hayaƙin. Ya haɗa, ya raba, ya sake bi daga ƙasa zuwa sama, sannan ya zana babban da'ira da jan biro.

"Saba'in da ɗaya bisa ɗari," ya ce. "Ta ci. Tana da rauni a darasi biyu, amma ta ci."

Da ina da hankali, da cewa zan yi kawai, Yaya, gangar injin a fashe take, zo ka gani. Kalma tara kacal. Amma zuciya ta ɗebe ni, na ga dama ta samu da zan koya wa hedimasta lissafi a gaban Monita.

"Yaya, wannan wane irin lissafi ne? Tarakta ba 'yar aji uku ba ce da za a haɗa mata maki a raba. Hon ba ya rama wa inji. Madubi ba ya ja maka garma. Idan abu ɗaya ya samu sifili, duk sauran goma-goman nan naka ka tafi da su gida ka jiƙa ka sha."

Yaran gidan mai da suka taru a bakin waya suka tuntsire da dariya. Na ga kunnuwan Yaya sun motsa, alamar da na sani tun ina ɗan shekara tara. Monita kuwa ya samu abin da yake jira. Ya matso ya rage murya, irin ragewar da kowa zai ji.

"Malam, ka yi haƙuri da shi. Ka san tun muna yara lissafi ne ya raba shi da makaranta. Ni dai ban ji daɗi ba a ce a gabana ake gyara maka haɗawa da rabawa."

Yaya ya miƙe. Ya nuna ni da jan biro.

"Kai! Wanda ya shekara uku a aji ɗaya shi zai koya mini lissafi? Tuƙi na ce ka zo ka yi, ba surutu ba. Rufe mini baki. Kada in ƙara jin muryarka har mu bar wurin nan."

Ina da shekara arba'in da huɗu, da furfura a gemuna, da yara shida da ke kirana maigida a gareji. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Maganar tsagar tana kan harshena, na haɗiye ta. Na ce a raina, to, hedimasta, tunda abin da aka rubuta ba ya ƙarya, je ka noma da takardarka. Na koma mota na zauna, ina kallo ta gilashi suka shiga kwantena, suka fito suna musafaha, Monita ya sake zubewa ƙasa.

Da muka isa gida matar Yaya ta tare ni da ido tun daga ƙofa. Na ce mata, "Ta ci jarrabawa," na hau babur ɗina na tafi.

Kwana tara ta yi tana aiki. Yaya ya sayi hular rana mai faɗi, yana tsayawa a bakin gona hannu a baya yana ba direba umarni. A rana ta goma, da hantsi, ana tsakiyar kuyya ta yi tari biyu, ta tofar da farin hayaƙi kamar an jiƙa garwashi, ta ce ga garinku nan. Da wata tarakta aka jawo ta har ƙofar garejina, rabin gonar ba a nome ba, ga ruwan sama ya riga ya sauka.

Yaya ya fara zuwa wurin Monita. An ce Monita ya zube ƙasa kamar kullum, ya yi salati, ya jajanta, sannan ya buɗe durowa ya zaro takardar nan mai layuka, wadda ya roƙa a bar masa don tarihi. Ya ce, "Malam, ni ban yaba ta da bakina ba. Kai da hannunka ka ba ta saba'in da ɗaya, ga sa hannunka a ƙasa. Ni wane ne da zan ja da makin da ka bayar?"

Daga can Yaya ya zo gareji da ƙafa. Bai taɓa zama a bencina ba, kullum a tsaye yake magana don kada rigarsa ta ɓaci, amma ranar ya zauna bai ko duba ba. Na riga na sauke injin. Na kwance baƙin man a gabansa, ya zubo fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya gama gauraye shi. Na haska masa tsagar, ta ƙara tsawo har ta zagaya kwana. Na gaya masa abin da wani injin zai ci. Ni da shi mun san ba shi da ko kashi ɗaya cikin biyar.

Ya daɗe yana kallon wurin. Sai ya sa yatsa ya shafa gefen tsagar, inda fentin yake a kankare, sawun sukudireba ya fito raɗau, har ya fara tsatsa.

"Wannan kankarar ba ta yau ba ce," ya ce.

Da na so, da na ce Monita ne ko yaransa. Na kasa.

"Ni na yi ta."

"Yaushe?"

"Ranar da muka je."

"Ka gani ke nan. Kafin in biya."

"Na gani. Kai ka ce in rufe baki."

Na ɗauka zai yi faɗa, har na shirya amsoshina, na shekara talatin ma ina da su a ajiye. Bai yi ba. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar.

"Tun kana yaro, sau nawa na ce ka rufe baki?"

"Ba su ƙirguwa."

"Sau nawa ka rufe?"

Na tsaya da sifana a hannu. Yarana duk sun sunkuyar da kai, kowa ya samu ƙusar da zai ɗaure. Yaya ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, ya fita. Na yi nasara a musun, wannan babu shakka, kuma ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba.

Bayan sati uku ya samu aiki a wata makarantar kuɗi da ke ƙarshen gari, aji huɗu, a ƙarƙashin wata hedimasta da ba ta kai 'yarsa ta fari shekaru ba. Matarsa ce ta gaya mini, a tsaye a bakin ƙofa, ba ta ce in shigo ba. Safiyar Litinin na je na tsaya da babur a ƙofar gidan tun kafin ya fito. Ya fito da tsohuwar jakarsa, ya dube ni, ya hau baya. Duk tsawon hanyar ina jin gefen jakar yana tokare mini baya, ina ta juya yadda zan fara ba shi haƙuri, har muka iso ban samu bakin zaren ba.

Ya sauka a bakin get, yara na ta shiga da gudu suna ture shi, babu wanda ya san ko shi wane ne. Na buɗe baki na ce, "Yaya..."

Ya sa hannu a aljihu ya zaro kuɗi, daidai abin da masu baburan haya ke karɓa daga unguwarmu zuwa nan, ya danƙa mini a tafin hannu. Tun da aka haife ni bai taɓa biyana ladan wani aiki ba, domin ba a biyan ƙane.

"Na gode, malam," ya ce. "Gobe ba sai ka zo ba."

Ya gyara jakarsa ya bi bayan yaran ya shiga.